Jaririn da Ya Rasu Kafin a Haife Shi

Duk garin Wenbury, a bakin tekun Massachusetts, ba a yi namiji irin tsoho Obed Thaxter ba. Shekara tamanin da bakwai, teku ta haɗiye shi sau biyu ta tofo shi, ya binne likitoci uku da suka ce ba zai kai baɗi ba. Binnewa ta gaske, don shi ne mai haƙa kabari a tsohuwar maƙabartar coci. Bai taɓa zama a aji ba, amma ka zauna kusa da shi sai ka sha labarin kakansu Zebulon, wanda ya tsallako daga Ingila saboda addininsa, zuriyarsa ta fitar da alƙalai biyu da kyaftin ɗin jirgin ruwa.

Da dangi suka tashi buga littafin zuriya, sai suka ɗora aikin a kan Lavinia, wata malama daga reshensu na Boston. Ta iske Obed yana shan miyar kifi.

"Baba Obed, sai haƙuri. Reshenku ba zai shiga littafin ba."

"Reshen wa?"

"Rajistar coci ta ce an ɗaura auren Zebulon a Afrilun 1641, ɗan farinsa kuma, wanda kuka fito ta kansa, an haife shi a Fabrairun 1641. Ya riga auren da wata biyu. Kwamitin dangi ya ce a bar reshen."

Obed ya ajiye cokali. Mutumin da ya bar ƙasarsa don tsoron Allah, a ce masa haka? Ya ɗauki sandarsa. "Taso, mai ido huɗu."

Ya kai ta gaban wani ɗan ƙaramin dutsen kabari, ya kankare gansakuka da farce. "Karanta min. Ke ce mai boko."

"An haife shi Disamba 1652. Ya rasu..." Ta gyara tabarau. "Janairu 1652."

"Ashe ya mutu kafin a haife shi! Bawan Allah, ya yi sauri."

"Mai sassaƙar ne ya yi kuskure, Baba."

"To ga wani irinsa can. Ga wata a gindin bishiya. Duk a buge ya sassaƙa su? 'Yar nan, a zamanin da, mutane ba sa juya shekara sai ƙarshen Maris. Fabrairu a wutsiyar shekara yake, ba a ka ba. Kakata ta gaya min tun ina rarrafe, kuma shekara sittin ina share duwatsun nan."

Lavinia ta shiga ƙirga da yatsu, daga Afrilu zuwa Fabrairu. Goma. Ta rufe baki da littafinta, dariya ta ƙwace mata.

"Wayyo, Baba, mun kusa yi wa kaka ƙazafi!"

"Kun ma yi. Shafi nawa za ki ba reshenmu?"

"Ɗaya, kamar kowa."

"Biyu," in ji Obed. "Ni kaɗai na cika ɗaya."