Hannu a Kan Doki

Shugaban ƙungiyar likitocin dawakai yana tsaye a tsakiyar ɗakin riƙe da allon yabo, ya rasa inda zai ajiye shi. Teburin cike yake da kwalaben magani, kujera ɗaya ce, ni kuma nake kai. Maƙwabcina Likita ya juyar da fuska wajen taga.

"Ka ba Kafinta," in ji shi. "Shi ya san amfanin katako."

Ni ne Kafinta. Shekara ashirin da biyu katanga ce kawai tsakanin gidana da nasa. Tun da ɓarin jikinsa ya shanye ni nake yi masa rubutu, duk da sai da furfura ta fito mini na shiga ajin manya. Ya ce ya fi son hannuna, wai mai rubutu a hankali ba ya ƙara abin da ba a faɗa ba.

Ba don allo ya sa aka kira shugaba ba, don Auta ne, ɗalibarsa ta ƙarshe. A ƙa'idar ƙungiya, wanda ya gama makaranta sai ya yi shekara biyu ƙarƙashin tsohon hannu kafin a ba shi shaidar duba doki shi kaɗai. Saura wa Auta kwana talatin ciwo ya kwantar da Likita. Sai muka jawo gadonsa bakin taga, na cire ƙarfen tagar, masu dawakai suka riƙa kawo su layinmu. Auta tana aiki a waje, shi yana kallo yana faɗa daga ciki. Wata huɗu ana haka. Kwatsam takarda ta zo daga kwamiti, cewa ko kwana ɗaya a ciki bai shiga lissafi ba.

Shugaba ya yi bayani cikin tattausar murya, ya ce ba shi ba ne, doka ce. Sashe na tara ya ce dole malami ya kasance a gefen ɗalibi, hannunsa a kan dokin da ake dubawa. Ya ƙara da cewa ai Malam ya fi kowa sanin sashen.

Likita kuwa ya sani. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya rubuta sashen da hannunsa, saboda malaman da ke sa wa ɗalibai hannu daga ofis ba su ko shaƙi warin barga ba.

"Ni na rubuta shi, Ɗan Gaggawa. Don irinka na rubuta shi."

Sunan da Likita ya laƙaba wa shugaba ke nan tun yana ɗalibinsa, ranar da ya zuƙi allura tun bai ga tafiyar dokin ba. Shugaba ya yi dariyar yaƙe, ya ce in ya ɗaga wa mutum ɗaya ƙafa, gobe mutum ɗari za su zo. Likita ya tambaye shi yaushe rabon da ya ɗaga ƙafar doki. Shugaba ya jingina allon da bango, ya yi addu'ar samun sauƙi, ya fita. Auta tana bakin ƙofa, ta kauce masa ba ta gaishe shi ba.

Ƙarar motarsa ba ta gama ɓacewa ba Likita ya tambaye ni ko kujerar da nake kai za ta ɗauki taya. Na ce za ta ɗauka.

Matarsa ta yi faɗa har muryarta ta dishe. Ta ce asibiti sun hana a motsa shi, ta ce mu biyu tsofaffin banza ne, ta ce wa Auta takarda ba ta kai ran mutum ba. Auta ta durƙusa tana roƙonsa ya bari, za ta nemi wani malamin. Ya ce ta nuna masa guda ɗaya a cikinsu da zai tashi kafin hantsi.

Daga ranar, ƙarfe bakwai na safe sai in turo shi waje an naɗe shi da bargo. Mai doki ya riƙe ragama, ni in ɗaga hannunsa mai lafiya in ɗora a kafaɗar dokin. Bai rage faɗa ba. In Auta ta taɓa jakar magani kafin ta kara kunne a kan cikin doki, sai ya ce ko ita ma shugabanci take nema. Ni kuma in buɗe littafin lissafin kwanaki in rubuta kwanan wata, da launin dokin, da ciwonsa, sannan in rubuta "hannu a kan doki", in ja layi.

Rana ta shida aka kawo wani jan doki da ƙusa a kofato. Auta ta ɗaga ƙafar ta matse tsakanin gwiwoyinta tana haƙa, dokin ya zabura, kujera ta karkata. Ta saki ƙafar ta taro Likita. Bai gode mata ba. Ya ce wa ya koya mata sakin kofato a buɗe cikin ƙasa, ya sa ta sake wanke shi daga farko. Tana wankewa hawaye na zuba a bokitin. Hannunsa na nan a jikin dokin, bai sauke ba.

Kwana goma sha ɗaya muka yi. Rana ta sha biyu na shigo da kujera, matarsa ta girgiza mini kai. Ya buɗe ido ya tambaye ni saura nawa. Na ce goma sha tara. Ya ja tsaki, ƙaramin tsaki, wanda da ƙyar ya fito. Kafin rana ta take ya cika, wani doki yana tsaye a waje yana jira.

Shugaba ya zo gaisuwa da mota uku da 'yan kwamiti. Ya ce an yi rashin uba, ya ce za a sa wa zauren taro sunan marigayi. Da zai tafi ya kira Auta bakin shagona, ya rage murya, ya ce kada ta damu da sauran kwanakin. Ta dai kawo littafin zuwa ofishinsa kawai, shi zai sa hannu, albarkacin Malam.

Auta ta dube shi. Ba ta rage tata muryar ba, 'yan kwamiti duk suna ji.

"Na gode, Yallaɓai. Sashe na tara ya hana. Ƙarfe bakwai ake kawo dawakai, in ka yarda ka zama malamina."

Ya waiwaya, ya ga idanu a kansa. Ya ce ai wannan ba komai.

Ranar farko bai zo ba, ta biyu ma haka. Auta ta duba dawakan, ta hana ni rubuta komai. Rana ta uku, bakwai da rabi, motarsa ta tsaya a bakin layi. Ya tako a hankali yana tsallake kashin doki, sanye da farar riga. Ya tsaya nesa kaɗan, ya miƙa hannu ya taɓa wuyan dokin da yatsu uku. Na buɗe littafi.

Auta tana sunkuye, kunnenta a kan cikin dokin, ba ta ɗago ba.

"Yallaɓai, hannunka ya sauka."

Ya mayar. Dokin ya juyo da kai a hankali, ya goga jiƙaƙƙen hancinsa a hannun farar rigar.