Ledar Ɗakin Malama Batulu

"Matsar da ita gida biyu dama, sannan ki kifa ta hayin layin tsaye," in ji Malama Batulu daga kan gado.

Na tsaya bakin ƙofa da kwanon kunu a hannu. Ɗiyata Mufida na durƙushe kan ledar ɗakin mai zanen gida-gida. An ja layi biyu da alli, ɗaya tsaye ɗaya kwance, sun gicciye a tsakiya. Abin da take turawa alwatika ce da aka yanko daga kwalin sabulu.

Katanga ɗaya ta raba mu da Malama a Talata Mafara. Lissafi ta koyar a makarantar 'yan mata har hawan jini ya shanye mata ɓarin jiki. Da ta ji jarrabawar Mufida ta matso, ta ce a riƙa turo mata ita.

Muka gaisa, na tambayi jiki.

"Da sauƙi, Lantana. Zamna ki gani. Mufida, maido ta inda ta hwara. Yanzu ki hwara kihewa, sannan ki matsar."

"Ai duk ɗaya ne, Malama," na ce. "Aikin bai canza ba."

Ta yi murmushi da gefen bakin da ke motsi. "Gwada da hannunki."

Na ajiye kunun na durƙusa. Da na matsar sannan na kifa, kwalin ya faɗa can kusa da ƙafar gado. Da na kifa sannan na matsar, sai ga shi dab da layin. Na sake, na kuma sakewa, ko hannuna ne ya kuskure.

"To mi ya sa?"

"Gobe ki taho tare da ita. Akwai juyawa ma, ba ki gani ba."

Na riƙa zuwa. Muryarta na raguwa, har ta koma nuni da yatsa, Mufida na faɗa mini abin da take nufi.

Ranar jarrabawar, da hantsi, Taibatu ƙanwar Malama ta ƙwala mini kira ta katanga. Na tarar numfashin Malama na sama-sama. Ta kama zanena.

"Mufida ta shiga jarrabawar?"

"Ta shiga, Malama."

"Kar a kira ta."

Taibatu ta shiga laƙana mata kalmar shahada. Kafin azahar har an kai ta.

Ina wajen murhu ina zuba wa masu gaisuwa ruwa Mufida ta shigo zaure da kayan makaranta. Ta riga ta wuce tabarmin maza a waje, ba ta tambayi kowa komai ba. Ta daɗe tana kallon takalman mata da suka cika ƙofar ɗakin Malama. Sannan ta sunkuya ta cire nata, ta nema musu wuri a gefe.