Askin Kan Kellu

Lauratu ba ta tambaya. Tun tana makarantar horon malamai ta lura duk wadda ta ɗaga hannu ta ce ba ta gane ba, dariya ake mata, sai ta ɗora wa kanta hanya ɗaya: ta haddace abin da littafi ya ce, ta aikata shi yadda yake. Da haka ta zo ta ɗaya, ta dawo Maiduguri aka ba ta ajin 'yan mata a wata makaranta kusa da Lamisula. Iyayenta Kanawa ne mazauna unguwar Gwange. A garin aka haife ta, amma Barbarcinta bai wuce na sayen kifi a kasuwa ba.

Wata safiya wajen duba tsabta ta ga kwarkwata a kan Kellu, yarinyar da ta fi kowa ƙoƙari a ajin. Littafi ya ce a aske, a shafa kananzir. Ta je ta shaida wa shugabar makarantar, wata Baturiya, Misis Wilson. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce, "Kin san aikinki, Malama."

Kan Kellu irin na 'yan matan Barebari ne, an raba gashin gida uku. Lauratu ta sha ganin irinsa, ta ɗauka ado ne kawai. Ba ta san shi ke nuna 'yar gidan mutunci da ba ta yi aure ba, kuma baƙo ba ya sa masa aska. Kellu ta rufe kanta da hannu biyu tana roƙo da Barbarci, sauran yara suna salati. Lauratu ta ɗauka tsoron aska ne. Ta kwashe shi tas, a gaban kowa.

Kashegari rabin ajin babu kowa. Kafin mako ya fita, 'ya'yan Hausawa da na ma'aikata kaɗai suka rage.

Misis Wilson ta kira ta ofis. "Ni ban ce ki aske ta ba. Idan yaran nan ba su dawo kafin hutu ba, za a rufe ajin, ki koma gida."

A gida mahaifiyarta Inno tana tankaɗe, ba ta ko tsaya ba. "Sannu Malama mai ta ɗaya. An nuna miki taswirar Ingila, kan 'yar maƙwabta ya gagare ki."

"Ke kin san da haka, Inno?"

"Wa bai sani ba? Ke ce dai ba a gaya miki magana."

Matan layinsu, waɗanda tun farko suka ce boko zai lalata ta, suka riƙa shigowa aron turmi da ba sa bukata, don su ga ko ta yi kuka. Ta gaishe su ɗaya bayan ɗaya, idonta a bushe.

Bayan la'asar ta tafi gidan su Kellu. Kakar yarinyar, Hajja, tana zaune a inuwa tana tsinkar zogale. Ta ji sallama, ta amsa, ta ci gaba da aikinta. Ba tabarma, ba ruwa. Hajja ta iya Hausa sarai, amma duk abin da ta faɗa wa matan gidan da Barbarci ta faɗe shi, suna kallon Lauratu suna murmushi. Lauratu ta tsaya a rana har ƙafafunta suka yi nauyi, sannan ta yi sallama. Kashegari ta koma. Haka ta yi ta komawa tana tsayawa.

Abin da ya fi tsayuwar ciwo shi ne ranar da ta rufe littafi a gaban sauran yaran ta ce, "Akwai abin da ban sani ba. Wa za ta koya mini gaisuwar manya da Barbarci?" Suka koya mata, suka kuma yi mata dariya har da riƙe ciki, irin dariyar da ta yi shekaru tana gudu. Ta maimaita. Suka sake dariya. Ta sake maimaitawa. Ta zauna wajen mai kitso ta ga yadda ake tsefe kai da man shanu a taje kwarkwata ba tare da aski ba, ta gwada a kan ƙanwarta har ta iya. Sannan ta bi gidajen ɗalibanta, ta durƙusa wa iyaye mata, ta ce ba za ta sake taɓa kan 'yar kowa ba sai uwarta ta yarda. Wasu suka zage ta. Wasu suka ce za su duba.

Yara suka fara dawowa, yau wannan, jibi waccan. Da mai duba makarantu ya zo, Misis Wilson ta zagaya da shi ajin tana gaya masa yadda ta shawo kan iyayen. Lauratu tana tsaye a bayansu riƙe da alli.

Ana gab da hutu Hajja ta sa aka shimfiɗa mata tabarma.

Ta kira ta da sunan da Barebari ke kiran Hausawa. "Zauna, 'yar Afuno. Kin iya gaisuwa yanzu, ko da yake kamar ana jan akuya."

"Na gode, Hajja. Ina Kellu?"

"Tana ƙauye wajen gwaggonta, inda ba wanda ya ga kanta. Gashi ya fito."

"To ta dawo mana, Hajja. Babu mai kai irin nata a ajin."

"Gashi na ce ya fito. Mu mun haƙura, shi ya sa kike zaune. Ita ce ta ce ko ƙofar makarantarku ba za ta sake bi ba. Na yi mata magana, ubanta ya yi. Ta rufe kai da hannu."

Aka kawo ruwa, Lauratu ta sha don kada a ce ta ƙi.

Ba a rufe ajin ba. Bayan hutu aka kawo sababbin yara, benci ya yi kaɗan, Misis Wilson ta ce a zaunar da ɗaya a gefen taga, wurin Kellu. Lauratu ta zaunar da ita. Da aka fito duba tsabta ta bi layi hannayenta a baya, ta tsaya kan sabuwar yarinyar, ta ga tana susa. Ta sunkuya ta tambaye ta da Barbarci sunan uwarta da unguwarsu.