Cikin Karimatu da Gonar Da'u

An sake ɗage rabon gonar marigayi Da'u na Balan. Liman Bubayero ne ya faɗi haka a zauren gidan ranar Juma'a bayan la'asar, a farkon daminar 1973. Dalilin bai canja ba: har yanzu ba wanda ya iya tabbatar da ko matarsa Karimatu tana da ciki.

Da'u ya rasu bayan kaka. Ya bar Karimatu, da 'yarsu Indo, da ƙaninsa Tukur. Idan aka haifi namiji, Tukur ba shi da rabo a gonar. Idan kuwa ba ciki, takaba ta ƙare tuni, sai a raba, Karimatu ta bar Indo a gidan uba ta koma Toranke wurin wanta, wanda rumbunsa ya ƙare tun kafin bazara saboda farin bara. Muddin ana zaton cikin, tana nan a ɗakinta, ana auna mata gero daga rumbun marigayi.

Al'adarta ta ɗauke tun Da'u yana kwance. Ta yi ta fama da tashin zuciya, ta tsani warin daddawa, tana ɓoye farar ƙasa a bakin zane tana ci. Amma watanni suka shige ciki bai fito ba.

Da hantsin ranar, tsofaffi biyu suka duba ta. Ɗaya Gaji ce, ungozomar Balan. Ɗayar Hure, wadda Tukur ya ɗauko a kan jaki daga Ajingi. Suka kwantar da ita a tabarma suna latsa mararta bi da bi.

"Kwantacce ne," in ji Gaji. "Firgitar mutuwa ce ta kwantar da shi. Na karɓi yaron da ya shekara uku a ciki bai motsa ba."

"Ke kika ƙirga masa, ko uwarsa ce ta gaya miki?" in ji Hure.

"Dubi kan nononta yadda ya yi baƙi."

"Mace ce da ta taɓa shayarwa."

"To dubi ƙafarta."

Hure ta janye zanenta ta miƙa tata ƙafar, ta danna da yatsa, wurin ya loɓa. "Ga tawa, Gaji. Ni ma a fara dakan yajin jego? Bana rabin matan Ajingi jininsu ya ɗauke. Wadda take kwana da kunun dusa, ina za ta sami jinin zubarwa?"

Tukur yana tsugune a bayan asabari, yana jin komai. Ya yi gyaran murya, ya yi wa Karimatu magana.

"Yaya, su bar gardama. Ke ce da jikinki. Yana motsi ko ba ya yi?"

Gaji ta matsa yatsan Karimatu a hankali. Da Karimatu ta ce yana yi, da maganar ta ƙare, domin Liman ya riga ya ce zai karɓi bakinta.

Karimatu ta kalli rufin ɗakin. "Wani lokacin nakan ji abu yana juyawa," ta ce. "In na sha kunu sai ya daina."

"Kin ji ko?" in ji Hure.

"Ɗa ma in ya ƙoshi kwanciya yake," in ji Gaji.

"Iya, ku ɗaga ni haka," in ji Karimatu. "Na gaji da latsawa. Ban sani ba. Da na sani da na faɗa, kowa ya huta."

Da aka kai wa Liman bayani, ya ce ba ya raba gado a kan shakka, kuma shari'a ta ba kwantaccen ciki shekaru. Tukur ya ce damina ba ta san da wannan ba.

"To ka shuka mana," in ji Liman.

"Allah gafarta Malam, irin da ya rage mini na gona ɗaya ne. In zuba shi a inda gobe za a ce ba nawa ba ne?"

Aka shafa fatiha aka tashi. Kafin Gaji ta tafi, ta ɗaura wa Karimatu zaren saƙa a kugu, ta ce kada ta kwance, jikin zai faɗi da kansa: in cikin ya tashi, zaren zai matse. Tukur ya mai da Hure Ajingi, daga ranar kuma ya rage awon geron da ake kai wa ɗakin, ya ce rumbun ba zai kai kaka ba.

An yi ruwan shuka a makon da ya biyo. Maƙwabtan gabas da na yamma sun shuka gero, wasu sun sa gyaɗa. Gonar Da'u tana nan yadda ya bar ta, da karan bara a tsaye. Gaji ta leƙa ranar Laraba ta zura yatsa a ƙarƙashin zaren. Bai matse ba, jinin kuma bai dawo ba.