Auta, Ka Fara Ɗauka

…wai in fara ɗauka. Ni? Ni zan fara ɗauka, Yaya Ja'afar? Tun da Inna ta haife ni ban taɓa jin wannan magana a bakinka ba, sai yau, yau ɗin ma a bakin direba ka ƙunso ta. Ban kai ka kira ni a waya ba. Halliru ka turo, ya tsaya a ƙofar shagona gumi har wuya, ya dire kwali biyu a kan tebur: "Yayanka ya ce ka ɗauki ɗaya. Wanda ka bari in mayar masa Kano, shi zai sa a tasa kwamfutar." Ya ce zai je tasha ya yi lodi, in mota ta cika zai biyo ya yi min hon. Shi ke nan saƙon. Babu ya iyali, babu ya zafi.

Ga su nan suna kallona. Furosesa biyu, ƙwaƙwalwar kwamfuta, kowanne a manne da allonsa na cikin inji. Ga tawa kwamfutar a ƙasa, ciki a buɗe kamar akuyar da aka feɗe, tun ranar da ƙwaƙwalwarta ta ƙone — ƙaurin har yanzu bai bar labule ba.

Na dama sabo ne fil, a kwalinsa, mai araha, irin wanda ake sa wa kwamfutar tebur ta gida. Gudu gare shi. Amma akwai ci… wuta yake zuƙa, ya ɗau zafi, fanka ta yi ta kuka a kansa. Na hagu tsoho ne, ɗan gwanjo, daga cikin manyan injinan ofis ɗin nan da ake bari a kunne dare da rana aka ciro shi. Ba ya shan wuta, ba ya zafi, ba ya gajiya. Ba ya kuma sauri. Na san su, Yaya. Kada ka ɗauka ban san su ba. Shekarun da na yi a bayanka ina miƙo maka sukudireba ba gyangyaɗi nake yi ba.

To wanne ne tarkon? Don da tarko, na rantse da tarko. Kai ba ka ba da abu haka kawai.

Alhaji Sabo na Dagumawa… jiya ma ya zo. Da kansa, a kan babur, babbar riga duk ta sha jar ƙasa. Bidiyon walimar saukar karatun 'yarsa yake nema, wanda na ɗauka da hannuna, na tace, na jera, saura kawai injin ya haɗe shi ya fitar — ana tsakiyar fitarwa allo ya yi baƙi. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Ya dai kalli buɗaɗɗen cikin kwamfutar, ya kalle ni, ya ce, "Ɗayyabu, in abin ya fi ƙarfinka ba laifi ba ne, sai a kai wa yayanka Kano. Juma'a in na shigo kasuwa zan biyo." A kai wa yayanka! In aikin nan ya haye gadar Wudil ya tafi wajenka, na san abin da zai biyo baya. Dagumawa ta tafi, Lajawa ta bi, Indabo ta bi, duk mai biki da mai suna da mai sauka ya ji cewa Auta ya gaza. Sai in rufe shago in dawo in tsuguna a bayanka ina miƙo sukudireba.

Janye hannunka, Auta.

Kwano ɗaya, tsakar gida, tabarmar kaba. Tuwon dawa, Baba ya shigo da kifi daga bakin kogi, Inna ta yanka ta zuba mana gunduwa biyu a miya. Hannuna ya riga hankalina — taf! ta buge shi da bayan ludayi. "Janye hannunka, Auta, sai yayanka ya ɗauka." Sai in mayar da hannun baya in riƙe shi da ɗayan, in zuba ido. Kai kuma ba ka sauri, wallahi ba ka sauri. Ka juya wannan, ka juya wancan, ka kalle ni, ka ɗauka. Abin da ya rage shi ne nawa. Rake haka. Yadin sallah haka, shuɗi da ruwan ƙasa, ka ɗauki shuɗi. Har wajen kwanciya a ɗakin soro, kai ne bakin taga. Na girma ban san ɗanɗanon komai ba sai na ragowa.

Yanzu kuma wai in fara ɗauka. Da na yi gemu, da na ajiye iyali. Ka ci tsakiyar kifin duniya ka ƙoshi, sannan ka turo min kwano ka ce bismilla.

Sabon zan ɗauka. Eh, shi zan ɗauka! In yage ledarsa da haƙorina, in ji ƙamshin sabon abu sau ɗaya a rayuwata. Kai kuma Halliru ya kai maka tsohon, ka sa a taka, mutane su cika maka benci suna jira yana jan ƙafa… ka ji yadda ragowa take. Ka zauna ka kalli layin nan na allo yana rarrafe, ka ji abin da nake ji tun ina —

Wutar fa?

Ina wutar da zan ba shi? NEPA a layinmu sai dai labari, in sun kawo ma kafin ka ce alhamdu lillahi sun ɗauke. Faifan sola ne a kan kwano, da batir ɗin nan da ya fara tsufa, da inbata mai juya wutar batir ɗin, mai kukan tsiya. Fitar da bidiyon Alhaji ba aikin shan ruwa ba ne, walima ce guda, da karatu da wa'azi da rabon allo. Sabon nan zai tashi da gudu, ya kwashe rabi, inbata ta fara ƙiiit, ƙiiit… shi ke nan, baƙin allo, a koma farko. In bari sai tsakar rana, rana na tsakiyar ka? Ga hadari nan kullum yana haɗowa ta gabas, damina ta ƙwanƙwasa ƙofa. Janareta? Wa ya ga fetur. Kuma zafin shagon nan, kwano a sama, kwano a gefe, ni kaina da nake mutum ina dahuwa, balle abin da da ma zafi ne halinsa.

Tsohon kuwa zai lallaɓa. Zai ɗan tsotsi wutar kaɗan-kaɗan, ya yi ta tafiya, rana ta faɗi yana tafiya, batir bai san ana yi ba, har ya kai aikin gaci. Na sani. Ai ba sai an faɗa min ba. Ko matata Rahinatu da ba ta san komai a kwamfuta ba, in na yi mata bayani za ta ce to Baban Sakina me kake jira, ɗauki mai sanyin mana.

Mai sanyi. Ka ji kalmar ko? Ka tuna ta?

Ɗakin Inna, ranar da na ce zan bar shagonka in dawo gida in buɗe nawa. Kana zaune a bakin gado kana karkaɗa makullin mota. Ko kallona ba ka yi ba, ita ka kalla, ka yi 'yar dariyar nan taka ta hanci: "Inna, Auta ai sanyi gare shi. Ba zai iya riƙe shago ba. A bar shi ya gwada." Sanyi gare shi. A gaban matata, tana tsugune tana zuba wa Inna ruwa a buta — na ga yadda hannunta ya tsaya. Tun daga ranar duk inda na juya kalmar tana biye da ni. In na yi jinkirin gaisuwa, sanyi. In na yi wa mai aiki haƙuri, sanyi. Yau kuma ka naɗo min shi a kwali: tsoho, mara ci, mara gudu, wanda ake ajiyewa a lungu ya yi ta bauta ba a jin bakinsa. Ga ɗan'uwanka nan, Auta, ku je ku ƙarata. Haka kake nufi, ko ba haka ba?

Kuma abin da ya fi ci min rai… ko na ɗauki sabon, me zai same ka? Babu. Kana tsakiyar kasuwar kwamfuta, ka leƙa shagon maƙwabci kafin la'asar ka sauya wani. Layinku wuta ba ta ƙiftawa. Ni ne zan zauna a Wudil da sabon abu a cikin duhu. In kuma na ɗauki tsohon, ina ganinka — ina ganinka kamar a gabana — ka buɗe kwalin da Halliru ya mayar, ka ga sabon, ka gyaɗa kai: "Na san shi zai ɗauka." Ka kira Inna ka ce mata yaron nan ya fara hankali. Yaron nan! Ta kowace ƙofa na fita kana tsaye a bakinta.

Bari in duba tsohon ma tukuna, wa ya sani ko matacce ka turo min don a yi dariya…

Babu ƙura. Ko ɗigo. An bi shi da buroshi lungu-lungu, an shafa masa sabon man nan fari da ake sawa tsakaninsa da fanka, fankar ma sabuwa ce. Wayoyin an tattara su an ɗaure da siririn yankin tayar keke, ƙulli biyu da ɗan kunne a gefe. Duk Kano mutum ɗaya ne yake wannan ɗaurin. Sabon kuwa ko ledar ba a taɓa ba.

Au! Ashe ka riga ka zaɓa. Ka zauna, ka kashe yininka, ka shirya wanda ka ga ya dace da ni, sannan ka haɗo shi da wani don a ce an ba ni zaɓi. Kamar yadda ake yi wa yaro, a ɓoye alewa a hannu ɗaya a miƙo masa hannun kusa da hanci. Wannan shi ne ka fara ɗauka? Munafunci ne, Yaya, wallahi munafunci ne, gara ka fito ka ce ungo wannan, shi ne daidai da kai, in san da wa nake faɗa. Wa ya ce ka lissafa min ƙarfin batir ɗina? Yaushe ma ka san irin batir ɗin da… Inna. Ko Rahinatu. Wato ana zama a yi maganata, ana auna ni kamar mara lafiya.

Yadin ruwan ƙasan nan… har babbar sallah ta zagayo yana nan garau, naka shuɗin wanki biyu ya koɗe. Kuma kifin, wane yanki ne mai ƙaya? Na tuna kana tsince ƙaya daga bakinka kana jerawa a gefen tabarma, ni kuwa ban taɓa… A'a. A'a, ba zan yarda ba. Ba za ka zo yanzu ka ƙwace min har fushin nawa ba. Tsakiya ka ɗauka. Na ce tsakiya ka ɗauka! Bakin tagar ma, da ruwa yake feso maka cikin damina, ai don iska ka zaɓe shi, ba don komai ba.

Kaina ciwo yake. Kwanon nan ya ɗau rana kamar tanda. Can bakin titi an wuce da shanu za a kai kasuwar kara, ƙurarsu ta shigo har kan allunan, bari in rufe su… ka ga, har na fara yi musu hidima ban san wanne ne nawa ba.

To in cire ka daga ciki. A ce babu kai. A ce a hanya na tsinci kwalayen nan, babu Ja'afar a duniya, babu Inna da ludayinta. Ni Ɗayyabu, mai shago a Wudil, wanne nake so? Ba wanda ya dace ba — wanda nake so. Wanne?

…

Na leƙa cikina babu kowa. Da can in ka ɗauki shuɗi, nan take na san shuɗi nake so. In ka ɗauki tsakiya, tsakiya nake so. Sai ka ɗaga hannunka daga kwano nake sanin abin da aka hana ni. Yau ba ka ɗauki komai ba, ka bar min kwanon a cike, kuma ga ni tsaye kamar wanda aka aika ya manta saƙo.

Hon.

Halliru ne. Mota ta cika, ina jin fasinja suna mita, wata tana cewa direba mu tafi mana rana na yi. Hon kuma. Ina zuwa! Juma'a Alhaji Sabo zai tsayar da babur a ƙofar nan. Ɗauki ɗaya kawai, Ɗayyabu, ɗaya, miƙa hannu, ba dutse ba ne, ga su nan kusa da cikinka, miƙa…

Ina hannun nawa?

Yana baya. Na dama yana baya, na hagu ya riƙe shi gam a wuyan hannu, ban san lokacin da suka tafi can ba. Babu ludayi, babu Inna, kana can Kano — ni kaɗai ne a shagon, ni da kwali biyu. Hon ɗin bai tsaya ba. Ina jira ka fara ɗauka, Yaya.