Jan Zare Biyu a Bakin Bandir

Tun da buhunan leda masu araha suka fara shigowa daga ƙasashen waje, buhun algarara ya rasa mai saye. Masaƙar ramar da ke bakin kogi a Khulna ta yi ta lallaɓawa shekara uku, daga ƙarshe aka sa wa ƙofarta kwado. Sai gwamnati ta liƙa sanarwa: duk mai katin aiki da ya yi shekara ukun ƙarshe a kan inji zai samu gurbin koyon gyaran injin ban-ruwa, da buhun shinkafa duk wata har ya gama.

Tofazzal Mia yana da kati, lamba 412. Amma rabonsa da tsayawa gaban inji shekara shida, tun da ƙurar rama ta cinye masa ƙirji. Ya yi abin da kowa ke yi, ya ba ɗan canji katin. 'Yan canji su ne masu tsayuwa a bakin ƙofa da safe ko wani zai yi fashi, kuma sunansu ba ya shiga kowace takarda. Nasa ɗan canjin maƙwabcinsa ne, Niranjan Das, mai 'ya'ya mata uku. Niranjan na saƙa, shi kuma Tofazzal katin na riƙe masa ɗakinsa na kwatas ɗin ma'aikata.

Matar Tofazzal, Rokeya, tana gyaran kifi a tsakar gida ya gaya mata abin da ya yanke: zai je ya ce gurbin na Niranjan ne.

"Baban Shirin," ta kira shi da sunan 'yarsu, "sunanka ne a takardar ko na wani?"

"Nawa ne."

"To ina ruwanka? Kai ka rubuta musu dokar?"

"Cewa suka yi wanda ya yi aiki. Ni tari na yi."

"Tarin ma a masaƙarsu ka samo shi. Shekara ashirin kana shaƙar ƙurarsu, yau ka zama waliyyi a kan shinkafarmu."

Abin da ya dame shi shi ne ita ma gaskiya ta faɗa. Kwana huɗu yana juya maganar, bai samu inda hujjarta ta karye ba. Abu ɗaya dai ya kasa: ya zauna a aji yana hango Niranjan ta taga.

Shi kansa Niranjan ƙi ya yi. "Yaya, rufa mana asiri. Ka buɗe baki su cire ka, ni ma ba lallai su sa ni ba. Mu tashi a tutar babu duka."

"Sa rigarka mai kyau," in ji Tofazzal. "Idan kana da ita."

Jami'in da ke rajista matashi ne mai tabarau. Ya saurare su, ya duba takardunsa.

"Baba, a nan babu wani Niranjan."

"Yana sito, ranka ya daɗe," in ji Tofazzal.

A masaƙar nan kowane masaƙi yana da alamar da yake ƙullawa a bakin bandir kusa da lambar kati, don idan an samu aibu a san hannun da ya yi. Ta Tofazzal baƙin zare ɗaya ce, ta Niranjan jan zare biyu. Saƙar shekara uku kuwa tana nan jibge, tunda ba wanda ya saya.

Tsoho Kashem mai gadin sito ya buɗe musu yana dariya. "Lallai yau an samu masu son kayanmu. Nawa za a ɗaure muku, Alhaji?"

Jami'in ya duba bandir goma, ya duba ashirin. Duk mai lamba 412 jan zare biyu ne. Kashem ya ce ko makaho ya shafa ya san ƙullin Niranjan, don shi da hagu yake ƙulli.

Jami'in ya cire tabarau. "Baba, ka gane kati ɗaya gurbi ɗaya ne? Idan na sa shi, kai ka fita. Kuma ban ce manya za su amince ba."

"Na gane. Idan sun ƙi, ka kawo su nan, ni zan sake buɗe musu bandir."

Jami'in ya ja layi a kan sunan Tofazzal, ya ce Niranjan ya faɗi sunan mahaifinsa. Niranjan ya faɗa, aka rubuta.

Sau uku Tofazzal ya tsaya hutawa kafin ya kai gida. Rokeya ta dubi fuskarsa.

"Ka yi ke nan."

"Na yi."

Ta ɗauraye hannu. "An ce masu ɓare jatan lande suna ɗaukar mata. Gobe zan je. Kai kuma tunda ka iya gaskiya, sai ka koyi dafa shinkafa. Kada ka yi mini godiya, ban huce ba."

Ya jawo tukunyar, ya tambaye ta ruwa kofi nawa ake zubawa.