Maganin da ba na jirgi ba

Ondina 'yar ƙanwata ce, kuma tun da ta auri Nicanor ba ta da aiki sai kallon teku. Yana aiki a jirgin kamun jatan lande: ya yi watanni a ruwa, ya dawo ya yi 'yan kwanaki, ya sake ficewa. Haihuwa take so, so na fitar hankali. Duk jaririn da aka haifa a unguwarmu a bayanta yake wuni, har sai uwarsa ta biyo sawu.

Da ciwon mara ya dame ta, ni na raka ta ɗan asibitin garinmu. Nas ta ce kilamidiya ce, ta kwanciya ake ɗaukarta. Namiji yakan yi ta yawo da ita bai ji komai ba, idan kuma ta daɗe a jikin mace tana iya toshe hanyar haihuwa.

"Wa ya kawo ta?" in ji Ondina.

"Kada ma ki fara, 'yar'uwa," in ji nas. "Ba lallai a san wa ya kawo ta ba. Tana iya zama a jikin mutum tun kafin aure. Ku sha magani ku biyu, mako guda, kowa ya kwana daban. In ke kin sha shi bai sha ba, dawo miki da ita zai yi."

Ni dai ina da nawa zaton game da mashayun tashar jirgi, amma na kama bakina.

Ondina ta shanye nata. Nicanor ya tafi ruwa da nasa kwalin. Da ya dawo ta tare shi tun daga bakin teku.

"Ka shanye?"

"Ko ɗaya babu a kwalin."

Ta yi masa sakwarar agade da miyar kwakwa, ta rufe ƙofa, ranar ko gaisuwa ban samu ba. Bai daɗe da komawa ba ciwon marar ya dawo.

Zuwansa na gaba a gabana ta titsiye shi. Ashe dokar jirgi ya bi. A can duk abin da mutum ya hau da shi na kowa ne: taba, sabulu, gurasar rogo, har magani. Ƙugiya ta yanki Chendo mai dafa musu abinci, sai gogan ya miƙa masa sauran ƙwayoyin.

"Gwaggo, ƙafar mutumin ta kumbura kamar gwanda! In ɓoye magani ina kallonsa? Ni fa lafiyata ƙalau."

"Lafiyarka ƙalau, sarkin kyauta," na ce. "Ita kuma fa?"

Ya dubi matarsa.

Aka sake karɓo magani. Sai dai jirgin zai tashi kafin mako ya cika, wato duk zaman da ta yi tana jiransa, wannan zuwan ba nata ba ne. Ya ɗaura ragar lilonsa a gindin mangwaro, can yake kwana. Da safe nakan ga ta miƙa masa kofi da ƙwayarsa, yatsunsu su haɗu, su daɗe a haka, sannan kowa ya kau da kai. Na tausaya musu, har shi sakaran.

Ranar tafiya muka raka shi bakin ruwa. Abokansa suna ta ihu daga kwale-kwale, wai ango ya ƙyale amarya haka nan ya taho. Ondina ba ta kula su ba. Ta kama hannunsa ta ɗora a ƙugun wandon da ke jikinsa, ya ji ƙulli-ƙulli a cikin ɗinkin. Sauran ƙwayoyin ne, ta ɗinke su ɗaya bayan ɗaya inda ba mai gani.

"Wannan ba na jirgi ba ne, Nicanor," ta ce. "Na ɗanmu ne. Ko ƙafar wa ta kumbura."

Ya gyaɗa kai, ya shiga ruwa har gwiwa, hannunsa na nan a ƙugu bai ɗauke ba. Ita kuwa ta tsaya har jirgin ya ɓace, goyon maƙwabciya yana barci a bayanta.